Sunan Ayuba: Asalinsa da Yadda Turawan Ingila Suke Amfani da Shi

A garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a zaga unguwa guda ba a sami mai suna Ayuba ba. Ran suna liman yakan raɗa wa jariri shi don neman albarkar Annabi Ayuba, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma abin da yake zuwa zuciyar mai ji shi ne haƙuri. Amma haƙuri halin mai sunan ne. Ma'anar kalmar kanta wata aba ce daban.

Sunan ba na Larabci ba ne tun asali. A Ibrananci, watau harshen Bani Isra'ila, Iyyob ake cewa, kuma akwai littafi sukutum mai babi 42 da ake kira da shi a cikin littattafan hikima na Yahudawa. Masana sun rabu a kan ma'anarsa. Wasu sun danganta shi da saiwar kalmar gaba a Ibrananci, ya zama "wanda aka tsananta wa". Wasu sun kai shi ga saiwar Larabci ta komawa, wadda ta haifi kalmar awwabu, wato mai yawan komawa ga Allah, siffar da aka yi masa a Suratu Sad. Ra'ayi na uku, wanda ya fi ƙarfin hujja, ya dogara ga wasiƙun Amarna da aka tono a Masar, na ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka sami wani sarki mai suna Ayyab. A nan fassarar ita ce "ina uba?"

Ta hanyar Alƙur'ani sunan ya iso wa Bahaushe. An ambace shi sau 4, a surorin Nisa'i da An'am da Anbiya'i da Sad, kuma a ko'ina da fataha ya ƙare, watau Ayyuba. Mai yiwuwa wannan ne ya sa almajiran allo suka riƙe wasalin "a" a ƙarshe, kamar yadda ya faru ga Haruna da Dauda, alhali kuwa Yakubu da Yusufu da "u" suka ƙare. Sa'an nan aka sassauta shaddar tsakiya. Da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Ayuba ɗin nan aka ɗauka, shi ya sa Musulmi da Kirista suke tarayya a sunan.

Ingilishi kuwa ta Girkanci da Latin ya karɓe shi, har ya zama Job. A nan ne tarkon mai fassara yake, domin rubutunsa ɗaya da kalmar Ingilishi mai nufin aiki, ko da yake furucinsu ya bambanta: wasalin sunan ja ake yi. Ban da wannan, Turawa sun ciro maganganun azanci daga labarin. Suna cewa mutum yana da haƙurin Job, wannan kam Bahaushe zai gane nan take. Sukan ce wane ya talauce kamar Job, saboda dukiyar da ya rasa. Wanda ya fi wuyar fassara shi ne "mai ta'aziyyar Job". A littafin Ibrananci abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo jaje, amma suka dage cewa wani laifi ya yi aka jarrabe shi. Saboda haka Bature yana nufin mutumin da ya zo lallashi ya ƙara wa mai ciwo ciwo. Alƙur'ani bai kawo zancen waɗannan abokai ba, don haka ɗalibin da ya fassara maganar kalma da kalma, mutumin Bakura zai ɗauka yabo ne, alhali zambo ne.

Sunayen biyu sun taɓa haɗuwa a kan mutum ɗaya. Ayuba Sulaiman Jallo, Bafillacen ƙasar Bundu a Senegal ta yau, an kama shi wajen 1730 aka sayar da shi bawa a Merilan ta Amurka. Ilminsa na Larabci ya jawo hankalin wasu Turawa, aka kai shi Ingila a 1733, aka fanshe shi, ya koma gida a 1734. A shekarar ce Thomas Bluett ya buga tarihinsa, ya kira shi Job ɗan Solomon, kuma da wannan suna Turawa suka san shi, har aka zana hotonsa yana rataye da Alƙur'ani a wuya.