Tsabtace Kayan Jariri Bayan Jinya: Darasi Daga Gaɓar Tafkin Kainji

Gabatarwa

A garin Yelwa da ƙauyukan da ke gaɓar Kogin Kwara da Tafkin Kainji, tun daga Shanga har zuwa Wara ta ƙasar Ngaski, ba baƙon abu ba ne jariri ya kwanta da gudawa, ya yi kwana huɗu ko biyar yana fama, ya samu sauƙi, amma kafin mako ya zagayo sai wansa ko ɗan kishiyar uwarsa ya ɗauka. Iyaye mata sukan ce haƙori ne, wasu kuma su ce sanyi ne ko iska. Binciken kimiyya kuwa ya nuna cewa sau da yawa ciwon bai bar gidan ba tun farko. Yana nan maƙale a jikin kacau-kacau da cokali da zanen goyo da tabarmar da majinyacin ya kwanta a kai. Wannan maƙala tana bayani ne a kan yadda hakan ke faruwa, da kuma yadda za a raba kayan jariri da ƙwayoyin cuta da abubuwan da ake samu a kowace kasuwa ta ƙasar Yawuri.

Zawon Haƙori da Ƙwayar Rota

Haƙoran farko sukan fara tsirowa ne idan jariri ya kai kamar wata shida. A daidai wannan lokaci ne garkuwar da ya samo daga jinin uwarsa tun yana ciki take raguwa, a lokacin ne kuma ake fara ba shi kunu da koko, ya fara zama da rarrafe. Da yake dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da hannunsa ya kai gare shi sai ya kai baki. Haɗuwar waɗannan abubuwa ita ta sa ake ɗora wa haƙori laifin zawo, alhali mai laifin yana jikin abin da ake cizon.

Babbar ƙwayar cutar da ke haddasa gudawa mai tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu ita ce wadda ake kira rota, daga dangin bairos. Wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano ta a birnin Melbon na Ostareliya a shekarar 1973. Kalmar rota a harshen Latin tana nufin wili, domin siffar ƙwayar ta yi kama da wilin keke. Ƙanƙantarta ta kai a jera kimanin 14,000 a tsawon milimita ɗaya. A ƙasar Hausa ta fi yaɗuwa da hunturu, lokacin sanyi da bushewar iska.

Abubuwa uku ne suka sa wannan ƙwaya ta zama abin tsoro a cikin gida. Na farko, giram ɗaya na kashin yaron da ya kamu yana iya ɗauke da ƙwayoyi miliyan dubu goma, alhali ƙasa da guda 100 sun isa su kwantar da wani yaron. Na biyu, tana iya yin kwanaki, har ma makonni, a jikin busasshiyar roba ko ƙarfe ba ta mutu ba. Na uku, yaro yakan ci gaba da fitar da ita a kashinsa har wajen kwana goma daga fara ciwon, wato bayan an ga ya warware yana wasa. Saboda haka zancen da ake yi cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne kuskure ne babba.

Ba Kowace Cuta Ke Bin Kaya Ba

Ya kamata mai karatu ya san cewa cututtuka sun bambanta wajen hanyar yaɗuwa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bin cokali ko zane, maganinsa gidan sauro ne. Ƙwayar ƙyanda ta iska take bi, kuma ba ta wuce kamar awa biyu a ɗaki bayan majinyaci ya fita, don haka buɗe tagogi da wanki da sabulu sun wadatar, babu dalilin ƙona kayan yaro. Cututtukan da ke buƙatar tsattsauran mataki su ne masu fita ta kashi da amai su koma ta baki, wato gudawar rota da atini da taifot da kwalara. Ita kwalara ta sha yin ɓarna a Nijeriya. A shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ta kashe fiye da mutum 7,000, sannan a 2021 an samu rahoton fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, wajen 3,600 suka rasu, Kebbi kuma tana cikin jihohin da abin ya shafa.

Wanki Daban, Kashe Ƙwayar Cuta Daban

Sabulu yana narkar da maiƙo ne, ya saɓule dauɗa tare da ƙwayoyin cutar da ke cikinta, ruwa ya tafi da su. Wasu ƙwayoyin, kamar na ƙyanda da mura, suna lulluɓe da fatar maiƙo, sabulu na taɓa su sai su fashe. Rota ba ta da wannan fata, ɓawon furotin gare ta mai tauri, don haka sabulu yana rage ta ne kawai. Ɗalibi na iya gwada lissafin da kansa. Kashi ɗaya cikin dubu na giram, wanda ido ma ba ya gani, yana ɗauke da ƙwayoyi miliyan goma. Ko da wanki ya kawar da 99 daga kowace 100, saura 100,000 ke nan, wato ninki dubu na abin da zai kwantar da yaro.

Shi ya sa ake buƙatar mataki na biyu, wato kashe ragowar da zafi ko da sinadarin kulorin. Amfanin wannan sinadari tsohon sani ne. A shekarar 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya tilasta wa ma'aikatan ɗakin haihuwa na babban asibitin Biyana wanke hannu da ruwan kulorin, sai mutuwar masu jego ta sauko daga kimanin 18 cikin 100 zuwa ƙasa da 3 cikin 'yan watanni. Amma kulorin yana da rauni guda: duk dauɗar da ya tarar, kashi ko amai ko madara, da ita zai fara faɗa har ƙarfinsa ya ƙare kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Don haka dole wanki ya zo farko, kashewa ta biyo baya. Wanda ya juya tsarin ya yi asarar kuɗinsa, kuma cutar tana nan.

Matsalar Ruwa a Gaɓar Tafki

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, rayuwar ƙauyuka da yawa ta rataya a kan ruwan tafki, daga su har wanka da wanki, wani lokaci har da sha. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, ruwan yakan zo fari fat da laka. Ta biyu takan iso da hunturu daga tsaunukan ƙasar Gini, bayan ruwan ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa, sai ya zo garau.

Kowace cika da irin haɗarinta. Gurɓataccen ruwan damina yana cinye ƙarfin kulorin, ruwan hunturu kuwa yana yaudarar ido, a ɗauka mai tsabta ne, alhali lokacin ne rota ta fi yawa. Abin da ya fi shi ne a yi amfani da ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse. Inda babu, sai a sa alam ko dakakken ƙwallon zogale a ruwan tafki ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle mai ninki huɗu ko fiye, sannan a tafasa wanda za a yi ɗauraya da shi. Wani bincike da Rita Colwell ta jagoranta a ƙauyukan Bangaladash, wanda aka buga a 2003, ya nuna tacewa da ninkakken zane kaɗai ta rage kwalara da kusan rabi. Haka nan ruwan da ya kwana biyu a jarka ya rabu da tsutsar tsargiya, amma ajiya kaɗai ba ta kashe rota.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Uwar da ta kai ƙunzugun majinyaci bakin tafki ta wanke, ta aika wa duk mai ɗiban ruwa a wannan mashaya da cutar ɗanta. Wankin jinya a gida ake yin sa cikin baho, ruwansa kuma a masai ake zubarwa, ko a haƙa rami nesa da rijiya a binne.

Yadda Ake Haɗa Ruwan Kulorin

Ruwan bilic da ake sayarwa a kanti, irin su Jik da Hypo, galibi ƙarfinsa 3.5 ne cikin 100, amma lalle ne a duba jikin kwalba ko leda. Ƙa'idar sirkawa mai sauƙi ce: a raba ƙarfin da ke jikin kwalba da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa da za a zuba wa awo ɗaya na bilic.

Ga kayan wasa da kwanuka ana son ƙarfin 0.1. Idan an raba 3.5 da 0.1 za a samu 35, a cire ɗaya saura 34, wato kusan babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa. Ga fo da daɓen da kashi ko amai ya zuba a kai ana son ƙarfin 0.5, wato kofi ɗaya na bilic da kofi shida na ruwa. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan aiki dole a auna, domin in ya yi ƙaranci bai kashe ba, in ya yi yawa ya ƙona fata. A haɗa shi cikin roba da ruwan sanyi, kuma kullum a haɗa sabo, saboda rana da zafi suna kashe ƙarfinsa.

Kowane Kaya da Hanyarsa

1. Kayan roba masu tauri, kamar kacau-kacau da 'yar tsana da abin cizo: a wanke da soso da sabulu, a ɗauraye, a tsoma cikin haɗin 0.1 tsawon minti goma, a sake ɗaurayewa da tafasasshen ruwan da ya huce, a shanya a rana a kan faranti. Wanda ruwa ke shiga cikinsa ba ya fita, gara a jefar.

2. Kofi da cokalin ƙarfe: kulorin yana cin ƙarfe, don haka a wanke su a tafasa minti goma. Kwalbar fida tana da lungunan da soso ba ya kaiwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a shayar da jariri da kofi.

3. Ƙwarya da ludayi: suna da ƙananan ƙofofi da tsagu masu riƙe danshi. A kankare su, a kwarara musu tafasasshen ruwa, su wuni a rana. Lokacin jinya dai kofin silba ya fi.

4. Zanen goyo da majanyi da ƙunzugu: a karkaɗe kashin a masai, a wanke da sabulu. Farare a jiƙa su rabin awa a haɗin 0.1 da aka ƙara wa ruwa daidai yawansa. Atamfa kuwa bilic yana koɗar da ita, sai a jiƙa ta a tafasasshen ruwa. A shanya a igiya, a kuma yi guga.

5. Tabarma da katifa: ta roba a wanke ta a goge da haɗin kulorin. Ta kaba da katifa a wanke inda ya ɓaci, su yi wuni biyu a rana ana juyawa. Shimfiɗa leda a ƙarƙashin majinyaci tun farko yana rage wahala.

6. Laya da guru: fata ba ta son jiƙo. A goge su da ɗanyen tsumma mai sabulu, su bushe a rana, a kuma ɗaura su inda bakin yaro ba ya kaiwa.

Bayan duk wannan, hannun mai jinya shi ne babbar gadar cuta. A wanke shi da sabulu da ruwa mai zuba daga buta bayan yi wa yaro tsarki, da kuma kafin dama kunu ko ba da nono.

Hattara

Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan batir ko lemun tsami ko maganin wanke masai ko wani sinadari, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, a kuma rataye shi inda yara ba sa kaiwa. Ba a wanke jikin jariri da shi. Tsabtace kaya kuma ba ya maye gurbin magani. Yaro mai gudawa a ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Idan maɗigarsa ta faɗa, ko idanunsa suka zurma, ko ya ƙi nono, ko aka ga jini a kashinsa, ko zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, a garzaya da shi babban asibitin da ke Yelwa ko shan-magani mafi kusa.

Kammalawa

Tun watan Agusta na 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin jerin rigakafin yara na kyauta. Ɗigo ne ake yi a baki a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa. Rigakafin yana rage tsananin ciwon matuƙa, amma bai shafi kwalara da atini ba, saboda haka sabulu da wuta da kulorin da rana suna nan da aikinsu. Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibansa gaskiyar wannan darasi cikin minti biyar: ya shafa wa ƙwallo ɗan man gyaɗa da garin gawayi, a miƙa ta hannu zuwa hannu, sannan kowa ya dubi tafinsa da rigarsa da littafinsa. 'Yan makaranta su ne ke goyon ƙanne da ɗebo ruwa da wanke-wanke a gidaje da yawa. Ɗalibar da ta iya lissafin babban cokali biyu a lita ɗaya, ta kuma san cewa wanki ke gaba, tana iya tsayar da gudawa a kan yaro ɗaya kafin ta zagaye gidan.