3.2 Jarumta da Girman Kai a Wasan Ajas na Sofokilis

A wannan sashe za a dubi yadda jarumta da girman kai suka haɗu suka kayar da tauraro a wasan ban tausayi na Girkawa. An ɗauki wasan Ajas a matsayin misali. Marubucinsa Sofokilis ya rasu wajen shekarar 406 kafin Miladiyya, kuma cikin wasanni fiye da 120 da ya rubuta, 7 kawai suka iso gare mu cikakku.

Ajas ɗan Telamon, mutumin tsibirin Salamis, shi ne jarumin da ke bin Akilis a ƙarfi cikin rundunar Girkawa da ta yi wa birnin Taroi ƙawanya. Da Akilis ya mutu, sai aka yanke hukuncin ba Odisiyus makamansa. Ajas ya ɗauki wannan a matsayin cin mutunci, don haka ya fita da dare da nufin kashe shugabannin rundunar, wato Agamemnon da Menelawus. Sai allahiya Atina ta juya masa hankali, ya afka wa shanu da tumakin ganima yana yanka su a zaton abokan gabarsa ne. Da ya dawo hayyacinsa ya ga kansa cikin jinin dabbobi, kunya ta hana shi rayuwa, ya kafa takobin da Hekto ya ba shi a ƙasa, ya faɗa a kai.

Dalilin fushin Atina ya fito ne daga bakin wani manzo da ya kawo maganar boka Kalkas. Sau biyu Ajas ya yi fariya. Ranar da zai bar gida mahaifinsa ya hore shi da ya nemi nasara tare da taimakon alloli, shi kuwa ya nuna cewa rago ne ke bukatar haka. A fagen fama kuma Atina ta zo ƙarfafa masa guiwa, ya sallame ta ta je ta taimaki wasu. Abin lura shi ne, ba ƙarya Ajas ya yi game da ƙarfinsa ba. Halin da ya sa ya tsare jiragen ruwan Girkawa, shi ne dai ya hana shi jin gargaɗi.

Sai dai a ganin mai wannan nazari, kuskure ne a taƙaita wasan ga horon mai girman kai, kamar yadda akan yi. Kalkas ya ce fushin Atina na yini ɗaya ne. Da an tsare Ajas a cikin hema a ranar, da ya tsira. Ke nan abin da ya kashe shi tsoron dariyar mutane ne da tunanin fuskar da zai kai wa mahaifinsa.

Haka kuma tauraron ya mutu alhali fiye da kashi ɗaya cikin uku na wasan bai gudana ba. Sauran duk jayayya ce a kan gawarsa. Menelawus da Agamemnon sun hana a binne shi, ɗan'uwansa Tiyusa ya ƙi yarda. A nan girman kai ya koma wajen sarakunan. Wanda ya shawo kan Agamemnon har aka yarda da binnewar kuwa shi ne Odisiyus, mutumin da Ajas ya fi ƙi.