Ciwon Ɓarin Kai: Cutar Da Ke Cinye Wa Mutanen New Bell Kwanakin Neman Abinci

Daga wakilinmu a Duwala

Duk wanda ya san unguwar New Bell da ke ƙaramar hukumar Duwala ta biyu, ya san wuri ne da sai an fita ake ci. Daga mai tireda a babbar kasuwa ta Marché Central, zuwa mai tsire a bakin titi, da ɗan acaɓa wanda a nan muke kira benskin, da matar da ke suyar ƙosai a ƙofar gida, kowa abin da ya samo a yini shi ake ɗorawa a murhu da daddare. Saboda haka duk cutar da za ta kwantar da mutum kwana biyu ko uku a wata, to ta taɓa tukunyar gidansa. Ciwon ɓarin kai yana cikin irin waɗannan cututtuka, amma da yake ba ya kumbura kuma ba ya zubar da jini, mun ɗauke shi ba a bakin komai ba.

Likitocinmu na nan Duwala suna kiran wannan ciwo da Faransanci migraine, kalmar da asalinta daga harshen Girkanci take, kuma ma'anarta rabin ƙoƙon kai. Ke nan Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce ɓarin kai. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum bakwai a duniya akwai ɗaya mai fama da shi, wato sama da mutum biliyan ɗaya, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. A nan gida Kamaru, wani bincike da Farfesa Callixte Kuate Tegueu da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2024, bayan sun tattauna da manya 3,100 a sassan ƙasar nan, ya gano cewa kusan kashi 18 cikin ɗari suna da wannan ciwo.

Asalin cutar a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin kai take, kuma ana gadonta, shi ya sa sau da yawa za ka tarar uwa da 'ya duk suna da ita. Idan ta tashi takan kama gefe ɗaya, kai ya riƙa sara kamar ana daka, ga tashin zuciya ko amai, ga ƙyamar haske da ƙara, kuma da mutum ya motsa sai ciwon ya ƙaru. In ba a sha magani ba takan ɗauki awa 4 zuwa 72. Kafin nan wasu sukan ji alamu tun jajibere, kamar yawan hamma, riƙewar wuya da kwaɗayin zaƙi. Wasu kuma, kamar mutum ɗaya cikin uku ko huɗu, sukan ga walƙiya ko layuka masu ƙyalli, ko gefen ganinsu ya dushe na minti 5 zuwa 60. A nan ne mutanenmu da dama suke zaton iska ce ko sammu.

To, amma inda gizo ke saƙa shi ne bayan ciwon ya lafa. Yawancin masu wannan lalura, kusan takwas cikin goma, sukan wayi gari jiki a mace kamar an yi musu dukan sakwara, wuya a sage, tunani ba ya tsayawa wuri ɗaya, da sun sunkuya sai kan ya sake sarawa. Wannan hali yakan kai yini ɗaya zuwa biyu, kuma likitoci sun tabbatar cewa kashi ne na cutar. Mu kuwa a nan muke yi wa mai ita rashin adalci. Maigida ya ga uwargida ta tashi ta yi sallah, sai ya ce ai ta warware, ina abinci? Uban ɗaki ya ga yaron shagonsa yana ɓata lissafin canji, sai ya ce iskanci ne ko barci. Ɗan benskin kuma ya hau babur ya nufi cunkoson Ndokoti da kai mai nauyi, ya sa ransa da na fasinja cikin haɗari.

Abin da ya kamata a ranar irin wannan shi ne a sha ruwa sosai, a ci abinci mara nauyi a kan lokaci, a yi aikin da ba ya bukatar dogon lissafi ko tuƙi, sannan a kwanta da wuri. Wanda ba shi da halin rufe shago, ya nemi ɗan'uwa ya riƙe masa aljihun kuɗi, shi kuma ya zauna a inuwa. Wanda ya matsa wa kansa a wannan rana, ya tsallake abinci ya kwana a waje, sau da yawa ciwon yakan dawo masa sabo.

Idan muka dubi abubuwan da ke tayar da ciwon, za mu ga yawancinsu muna kwana muna tashi da su. New Bell unguwa ce da aka kafa tun zamanin Jamusawa, gidaje a cushe, rufin kwano, ga zafi da gumi na bakin teku musamman daga Disamba zuwa Maris. In aka ɗauke wuta da dare barci ya gagara, da rana kuma ga ƙarar babura da janareto da hayaƙinsu. Ƙara da ƙishirwa, da zama da yunwa har azahar saboda ciniki, da damuwar kuɗin haya, da ƙamshin turare mai ƙarfi. Ga mata kuma akwai kwanakin al'ada. Sai goro da shayi da kofi, waɗanda duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Wanda ya saba da su, ranar da bai samu ba kai zai sara, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu suke shan wuya a farkon azumi. Dabarar ita ce a fara rage su sannu a hankali tun cikin Sha'aban, kada a bar sahur, a kuma yawaita ruwa tsakanin buɗa baki da asuba.

Wani abin takaici shi ne yadda muke shan magani. Da kai ya sara sai a aiki yaro wajen mai tebur ya haɗo ƙwayoyi, ko a ce maleriya ce ko taifot ba tare da gwaji ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, maganin ciwon kai da kansa yana haifar da ciwon kai. Duk wanda yake shan farasitamol ko asfirin ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, yana iya wayar gari da ciwon kai na kullum. In kuwa ƙwayar haɗi ce mai kafeyin, ko tiramol da danginsa, kwana 10 a wata sun isa. Binciken nan na 2024 ya nuna cewa sama da kashi 6 cikin ɗari na manyan ƙasar nan da alama sun riga sun faɗa wannan rami, garin neman gira sun rasa ido.

Mafita ta farko ba ta bukatar ko sisi. A samu kalanda ko littafin makaranta, a riƙa sa alama a ranar da ciwon ya zo, da ranar da aka sha magani, da ranar kasala da ta biyo baya, da abin da ya faru kafin nan. Bayan wata biyu mutum zai ga abin da ke tayar masa da shi, kuma wannan takarda ita ce abu mafi amfani da zai miƙa wa likita. Na biyu, a sha magani da zarar ciwon ya fara, kada a jira sai amai ya zo, sannan a shiga ɗaki mai duhu a ɗora jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi a goshi. Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini. Mai gyambon ciki ya guji asfirin da ibuprofen, mai juna biyu kada ta sha su sai da izinin likita, kuma ba a ba yara asfirin.

Akwai kuma maganin da aka yi musamman domin wannan ciwo, wato sumatriptan, wanda ya fito a 1991, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Sai dai bai dace da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Wanda ciwon yake kama shi kwana huɗu ko fiye a wata, likita na iya ɗora shi a kan maganin rigakafi na kullum kamar propranolol ko amitriptyline, waɗanda sai an yi haƙurin kamar wata biyu kafin a ga amfaninsu. Ana iya farawa daga asibitin gunduma na New Bell, in da bukata a tura mutum wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Laquintinie da ke Akwa, ko Babban Asibitin Duwala. Mace mai ganin walƙiya kafin ciwo ta tabbata ta faɗa wa unguwarzoma kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin mai ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki, musamman in tana shan taba.

Sai dai a kula, ba kowane ciwon kai ne na ɓarin kai ba. In ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da karkacewar baki da mutuwar hannu, ko da jijjiga, ko bayan faɗuwa daga babur, ko ya soma bayan shekara 50, to a garzaya asibiti nan take. Haka mai tsohon ciki da kanta ke sara, ƙafa ta kumbura, gani ya dushe. A irin wannan hali kada a tsaya jiran wanzami ya yi ƙaho. A yi addu'a, a kuma kama hanya.

Daga ƙarshe muna kira ga magidanta da iyayen ɗaki a kasuwa su riƙa ƙirga ranar da ta biyo bayan ciwon a cikin kwanakin jinya. Muna kuma roƙon limaman babban masallacin New Bell da na sauran unguwanninmu, da shugabannin ƙungiyoyin benskin, su riƙa jan hankalin jama'a game da ƙwayoyin bakin titi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.