Mace da mulki: tambayar Aflatun, da amsar da ke Gundogu

A ranar 30 ga Yuli, 2024, majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar daidaita maza da mata a muƙamai, bayan an shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja a kanta. Dokar ta nemi mata su riƙe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kujerun yanke shawara zuwa 2026, daga nan a riƙa ƙarawa har a kai rabi. Majalisar da ta zartar da ita kuwa, mata 40 ne kacal a cikin mutum 275. Tun daga lokacin, in aka taɓo maganar a Tamale, ko wurin mai shayi ko ƙofar masallaci bayan la'asar, ba a rasa wanda zai ce: "Wannan ai abin Turawa ne, ina ruwanmu?"

To, gardamar nan ta girmi Turawan yau nesa ba kusa ba. An yi ta a birnin Atina na ƙasar Girka tun wajen shekara 2,400 da suka wuce, kuma yadda aka yi ta zai amfane mu.

Atina ce ake yi wa kirari da uwar dimokuraɗiyya, amma mace ba ta da ƙuri'a a can. Maza 'yan gari ne kaɗai ke zama a majalisa. Mace kuwa tana ƙarƙashin waliyyi duk rayuwarta, daga uba zuwa miji, daga miji zuwa ɗa. A cikin wannan hali ne Plato, wanda Larabawa ke kira Aflatun, ya rubuta littafinsa Jamhuriya wajen shekara ta 375 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kashi na biyar ya ɗauko tambayar kai tsaye: shin mace za ta iya shiga cikin masu tsaron gari da masu mulkinsa?

Hujjarsa mai sauƙi ce. Ya kawo misalin mai sanƙo da mai suma. Sun bambanta, ba shakka, amma wa zai ce mai sanƙo ya yi dukanci, mai suma kuma an hana shi? Bambancin nasu bai taɓa aikin dukanci ba. Haka nan, in ji shi, mace tana haihuwa, namiji ba ya yi, amma sai an nuna inda wannan ya taɓa iya shugabanci kafin a ce ya hana. A ganinsa akwai mace mai basirar likitanci da wadda ba ta da ita, mai jarumta da matsoraciya, kamar dai yadda maza suke. Sai ya ɗora sharaɗin da ni malamin makaranta ya fi jan hankalina: in kana son mace ta yi aiki ɗaya da namiji, dole ka ba ta karatu da horo iri ɗaya.

Kada a ɗauka Aflatun waliyyin mata ne. Ya ce a jimlace mata sun fi rauni, kuma tsarin nasa ya rushe aure da iyali a tsakanin masu mulki, abin da babu Musulmin da zai karɓa. Ɗalibinsa Aristotal ma bai bi shi ba. A littafinsa na siyasa ya ce mace tana da hankalin shawara, amma shawarar tata ba ta da ikon zartarwa, don haka mulki na namiji ne.

Wanda ya shigo da wannan gardama gidan Musulmi shi ne Ibn Rushd na Kurɗuba a Andalus (1126 zuwa 1198), alƙali ɗan mazhabar Malikiyya, mazhabar da akasarinmu muka tashi a ciki. Da ya yi sharhin Jamhuriya, ya goyi bayan cewa mace za ta iya kai wa ga ilimin falsafa da shugabanci. Sannan ya juyo kan garuruwan zamaninsa, ya ce ba a san iyawar mata ba saboda an taƙaita su ga haihuwa da reno da hidimar miji, kuma barin su haka yana cikin abubuwan da ke jawo wa gari talauci. A littafinsa na fiƙihu, Bidayatul Mujtahid, ya kawo saɓanin malamai kan alƙalancin mace: mafi yawa sun hana, Abu Hanifa ya yarda a shari'ar dukiya, Ɗabari ya yarda a komai. Kun ga ke nan ƙofar magana a buɗe take tun da can, a cikin littattafanmu.

Yanzu mu dawo gida. A masarautar Dagbon akwai sarautun da mata kaɗai ke hawa, 'ya'yan Ya-Na. Babbar cikinsu ita ce Gundo-Naa, mai garin Gundogu kusa da Yendi, akwai kuma Kpatu-Naa. Gundo-Naa tana zama a kan buzun sarauta kamar kowane sarki, tana da fada da dattawa maza, tana sauraron ƙarar fili da ta aure. Ba Bature ya naɗa ta ba, kuma ba ta jira dokar 2024 ba.

Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Tarihin Daura ya fara ne da jerin sarauniyoyi har zuwa Daurama. Zazzau tana alfahari da Amina. A Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajis, mata masu kai karatu ƙauyuka ga 'yan'uwansu mata. Kalmar magajiya kuwa ta biyo fatake har nan arewacin Ghana, ta zauna daram, har waɗanda ba Hausawa ba suna amfani da ita ga shugabar mata. Je ka kasuwar Aboabo ka ga aikinta. Ita ce mai raba faɗa tsakanin 'yan kasuwa, ita ce mai riƙe adashe, ita ce ake nema in za a yi biki ko an yi rasuwa. In zaɓe ya ƙarato, ƙofarta 'yan siyasa ke fara bugawa don ta tara musu mata. Amma ran da za a tsayar da ɗan takara, sai a ce Hajiya ta koma gefe ta riƙe tukunya. Wannan shi ne ra'ayin Aristotal a aikace: a ji shawararta, a hana ta zartarwa.

Tamale kuma tana da nata misali a siyasar zamani. Susanna Al-Hassan, haifaffiyar garin nan a 1927, malamar makaranta ce da ta shugabanci makarantar 'yan mata a Bolgatanga. A 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi doka ta ware wa mata kujeru goma a majalisa, ta shiga ta wannan ƙofa. A 1961 ta zama mataimakiyar ministan ilimi, daga baya ta zama cikakkiyar minista, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Ghana. Abu biyu suka haɗu a kanta: an buɗe ƙofa, kuma ƙofar ta tarar da ita da karatu a hannu. Haka Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang, wadda ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a ranar 7 ga Janairu, 2025, daga aji ta fito.

A nan ne nake jin tsoro. A azuzuwan da na koyar, sau da yawa yarinya ce ke riƙe na ɗaya a firamare. Ana shiga ƙaramar sakandare sai kujeru su fara zama fanko. Wata an ɗora mata talla, wata an ɗaura mata aure, wata ta hau mota zuwa Accra ko Kumasi aikin kayaye, tana ɗaukar kayan mutane a ka. Bayan shekara ashirin, in aka zo neman mace daga zango da za ta cike kashi 30 ɗin nan, sai mu ce ai babu wadda ta cancanta. Wa ya hana ta cancanta? Doka tana iya ajiye kujera, amma wadda za ta zauna a kai daga ajinmu za ta fito, in mun bar ta ta gama. In ba haka ba, kujerun za su cika da matan wasu, mu kuma mu ci gaba da kukan an manta da zango.

Akwai wurin farawa kusa da mu. Majalisun gundumomi ba na jam'iyya ba ne: jama'a ke zaɓen kashi 70 na wakilai, shugaban ƙasa ya naɗa kashi 30 bayan tuntuɓar sarakuna da ƙungiyoyi. An yi zaɓen ƙarshe a Disamba 2023, na gaba yana tafe a 2027. A nan ne ake maganar famfo da kwata da rumfar kasuwa da bayan gida na makaranta, abubuwan da mace ta fi kowa sanin zafinsu. Sarakunan zango da limamai suna da bakin magana in ana tattara sunayen waɗanda za a naɗa, sai su sa sunan mace. In kuma magajiyar unguwarku ta fito takara, malam, kafin ka ce mace ce, yi wa kanka tambayar Aflatun: me aikin nan ke buƙata, kuma wanne ne a ciki ba ta iya ba? In ka rasa amsa, ka ba ta ƙuri'arka, ka kuma bar 'yarka ta gama makaranta.

Allah Ya sa mu dace.