Mota Mai Ɗaki da Masu Sukarta

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, birnin Düsseldorf na ƙasar Jamus kan cika da baƙi saboda baje kolin da ake kira Caravan Salon, inda kamfanoni ke nuna motocin da aka gina wa ɗaki a baya: gadon kwana, murhun gas, firji, tankin ruwa, har da ɗan ƙaramin makewayi. Mutum ya ɗauki iyalinsa lokacin hutu, su tafi inda ransu ke so, inda dare ya same su nan ne masauki. Harkar ta daɗe a Turai da Amurka, amma annobar korona ce ta tunzura ta. Da aka rufe otal-otal, jirage suka daina tashi, sai jama'a suka ga babu abin da ya fi musu kwanciyar hankali kamar su tafi da ɗakinsu a kan taya. A shekarar 2021 kaɗai an yi wa sabbin irin waɗannan motoci fiye da 80,000 rajista a Jamus. A Amurka kuwa, masana'antun da galibinsu ke yankin Elkhart na jihar Indiana sun fitar da kimanin 600,000 a shekarar, idan aka haɗa da ɗakunan da ake ja da wata mota.

Yawan nan ne ya jawo suka. Masu rajin kare muhalli na cewa ba hankali ba ne mutum ya ja tan uku da rabi na ƙarfe da katako ya zagaya nahiya don shaƙatawa kawai, alhali duniya na fama da ɗumama. Mazauna ƙauyukan bakin teku da na tsaunuka kuma na kukan an cika musu hanya, an ɓata musu wuri. Su kuma masu motocin amsarsu a shirye take, kusan kowa ya haddace ta: ai mun fi wanda ya hau jirgin sama ya je ya kwana a otal.

Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma sai an zauna an yi lissafi. Yawancin motoci masu ɗaki na Turai a kan ƙashin motar kaya ake gina su, musamman Fiat Ducato, kuma dizal suke sha, wajen lita 10 zuwa 12 a kowace kilomita 100. Kowace litar dizal idan ta ƙone tana sakin iskar kabon wajen kilo 2.6. Wato motar da ke shan lita 11 tana fitar da kusan gram 290 a kowace kilomita. Idan miji da mata ne kaɗai a ciki, kamar yadda aka fi gani, kowannensu ya ɗauki gram 145. Da ƙaramar mota mai shan lita 6 suka ɗauka, da rabon kowa bai wuce gram 80 ba. Da jirgin ƙasa suka hau a ƙasa irin Faransa, wadda wutar lantarkinta galibi daga makamashin nukiliya take, da abin ya yi ƙasa ƙwarai da haka. A kan titi dai mota mai ɗaki ba ta da abin kare kanta. Na Amurka kuwa, manyan nan masu girman bas, suna iya shan ninki biyu ko uku na abin da na Turai ke sha.

Inda mota mai ɗaki take samun sauƙi shi ne bayan an kashe inji. Otal na cin wuta dare da rana: na'urar sanyaya ɗaki, tafkin wanka, injin wankin zannuwan gado, fitilun harabar da ba a kashewa. Mai kwana a mota kuwa batir ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi, wani lokaci da farantin sola a kan rufi. Ruwa ma haka. Tankin motar bai cika wuce lita 100 ba, kuma mutum biyu kan lallaɓa shi kwana biyu ko uku, alhali Bajamushe ɗaya a gidansa yana amfani da wajen lita 125 a rana. Wanda ya san cewa idan ruwa ya ƙare shi ne zai fita nemansa, ba sai an yi masa wa'azin tattali ba. Cibiyar binciken muhalli ta ifeu da ke Heidelberg ta yi nazarin wannan a 2020, ta kuma nuna cewa kwana a zangon motoci ya fi kwana a otal sauƙin hayaƙi nesa ba kusa ba, har rarar kan iya cike giɓin da tuƙi ya haifar. Sai dai ya kamata mai karatu ya sani cewa ƙungiyar masu ƙera motocin ta Jamus ce ta ba da aikin. Wannan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba, amma yana sa mutum ya duba da wa aka zaɓa a yi gwajin.

Nan ne gizo ke saƙar. Rarar da ake samu da daddare ƙarama ce, a hankali take taruwa, kwana bayan kwana. Asarar da ake yi a hanya kuwa babba ce, kuma kowace kilomita ƙara ta take yi. Iyali mai mutum huɗu da suka tuƙa kilomita 400 suka yi mako biyu a wuri guda suna yawo da kekuna, suna da bakin magana a gaban kowa. Miji da mata da suka tashi daga Hamburg suka nufi kudancin Sifaniya, kullum suna sabon gari, ba su da shi, ko da kuwa sun rufe rufin motar kaf da sola. Su biyun nan duk sunansu ɗaya, masu mota mai ɗaki, amma amsar da ta dace da na farko ba ta dace da na biyu ba. Abin da ke ba ni haushi a muhawarar shi ne yadda na biyun ke aron lissafin na farkon.

Kwatancen da jirgin sama ma akwai wayo a cikinsa. Gaskiya ne cewa wanda ya tashi daga Turai zuwa Tailan ko tsibiran Karebiyan ya zubar da hayaƙin da mai mota ba zai kamo ba a hutu guda. To amma wa ya ce zaɓin biyu ne kawai? Kuma mutum nawa ne suka daina hawa jirgi don sun sayi motar? Da yawa sukan yi duka biyun, mota da rani, jirgi da hunturu. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Ga kuma abin da ba a cika ambata ba: ƙera motar kanta, da ƙarfenta da gorar ruwanta da robobinta, ya ci makamashi mai yawa, sannan mafi yawan shekara a ajiye take a ƙofar gida, mai ita yana zuwa aiki da wata motar daban.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa ina ruwansa da hutun Turawa. Ruwansa a cikin lissafin yake. Tafiyar kilomita 2,000 da irin wannan mota tana cin dizal lita 220, wato iskar kabon kusan kilo 580. Wannan ya yi daidai da rabon ɗan Najeriya ɗaya na shekara guda cur, idan aka raba hayaƙin man fetur da gas da masana'antun ƙasar ga yawan jama'arta. Na ɗan Nijar kuwa bai kai ko rabin rabin haka ba. Iskar kuma ba ta tsayawa a kan iyaka, kuma yankin Sahel na cikin wuraren da sauyin yanayi ke gasa wa aya a hannu. Saboda haka idan Bature ya ce hutunsa bai cutar da kowa ba, muna cikin waɗanda ke da hurumin cewa a kawo alƙaluma mu gani.

Sai dai abin da ya fi tayar da jijiyar wuya a ƙasashen masu motocin ba hayaƙi ba ne, ƙazanta ce. Makewayin motar wani ɗan akwati ne mai cin lita kusan 20, ana zuba masa sinadarin kashe wari, kuma duk bayan kwana biyu ko uku sai an zare shi an zubar. Ruwan wanka da na wanke-wanke ma yana da nasa tankin. Akwai wuraren da aka tanada don zubar da su, amma akwai wanda zai ga babu mai kallonsa ya juye a kwalbati ko a gindin daji. A arewacin Sikotland an ƙaddamar da wata hanyar yawon buɗe ido a 2015 mai suna North Coast 500, mil 516 da ke farawa daga Inverness ta dawo can. Hanyar ta yi farin jini fiye da zato, ga shi wurare da dama layi ɗaya ne, sai an raɓe kafin wani ya wuce. Mazauna yankin sun sha kokawa kan motocin da ke kwana a wuraren raɓewar, da bayan gida da ake zubarwa a gefen titi. Wani ƙorafinsu kuma na aljihu ne: baƙon ya cika firjinsa a babban kanti tun daga birni, ya zo ya ci, ya kwana kyauta, ya bar musu shara, ko shayi bai saya a ƙauyen ba.

Gwamnatoci sun mai da martani. Fotugal ta gyara dokar hanyarta a farkon 2021 ta hana kwana a mota sai a wurin da aka amince, sannan da ƙorafi ya yi yawa ta sassauta a cikin shekarar, ta yarda da sa'o'i 48 a ƙaramar hukuma guda, ban da wuraren da aka keɓe don kare halittu. Niyuzilan, wadda ke da dokar kwana a fili tun 2011, ta tsaurara a 2023: motar da ke son takardar shaidar cewa tana iya riƙe ƙazantarta dole ta kasance da kafaffen makewayi, ba ɗan bokitin da ake turawa ƙarƙashin gado ba.

A wannan ɓangaren masu motocin na da hujja mai ƙarfi, kuma ina tare da su. Mafi yawansu ba sa zubar da ƙazanta a daji. Ƙalilan ne ke ja wa sauran zagi. Kuma matsalar tana da magani sananne. Faransa ta cika garuruwanta da ƙananan wuraren tsayawa inda ake ɗibar ruwa a zubar da na datti da 'yan kuɗi kaɗan, Jamus ma haka. Tun 1993 akwai tsarin France Passion, inda manoma da masu gonakin inabi ke barin matafiyi ya kwana ɗaya a gonarsu kyauta, shi kuma sau da yawa ya sayi cuku ko zuma ko kayan lambu kafin ya wuce. Fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna sun san wannan tun da daɗewa: ayari ba ya sauka inda ya ga dama, zango yake nema, inda akwai ruwa da mai masauki da kasuwa, kowa ya amfana. Garin da ya gayyato baƙi da talla amma bai haƙa musu ko ramin zubar da datti ba, shi ma yana da nasa kason na laifin.

Hayaƙin ne ba shi da magani mai sauƙi irin wannan. Akwai abubuwan da ke ragewa: a sassauta gudu, domin mota mai faɗin goshi kamar wannan tana shan mai sosai idan ta haura kilomita 100 a sa'a, kada a yi doguwar tafiya da tankin ruwa cike, tunda lita 100 kilo 100 ce, a duba iskar taya, a yi haya maimakon saye idan mako biyu kawai za a yi a shekara. Tsofaffin injuna kuma birane da kansu ke korarsu, kamar yadda Landan ta faɗaɗa yankin da ake cajin motoci masu hayaƙi zuwa dukan birnin a watan Agustan 2023. Jamus ta ba da izinin sayar da dizal ɗin HVO, wanda ake yi da tsohon man girki da kitse, a gidajen mai tun 2024, amma tsohon man girkin duniya ba zai ishi manyan motocin kaya da jirage da masu hutu gaba ɗaya ba.

Lantarki fa? Ƙananan motocin kwana masu batir sun fara fitowa, amma manyan sun maƙale a kan nauyi. Lasisin tuƙi na gama-gari a Turai ya daɗe yana tsayawa a tan 3.5, kuma yawancin motoci masu ɗaki dama a bakin wannan iyaka suke da zarar an loda ruwa da kaya da mutane. Batirin da zai kai irin wannan jibgegiya kilomita ɗari uku yana da nauyin ɗaruruwan kilo. An fara ɗaga iyakar zuwa tan 4.25 ga motocin da ba sa amfani da fetur ko dizal, amma ko an warware batun lasisi, saura farashi, saura kuma wurin cajin da mota mai tsawon mita bakwai za ta iya shiga ta juya. Kafin a kai can, miliyoyin da aka riga aka sayar masu shan dizal za su ci gaba da yawo a kan titi, domin irin wannan mota takan yi shekara ashirin ko talatin tana aiki.