Kilo Goma a Hancin Mota: Hikimar Rage Nauyin Bamba a Fagen Tsere

A ranar 28 ga Yulin 2024, a filin tseren Spa na ƙasar Beljiyam, George Russell na Mercedes ne ya fara ƙetare layin ƙarshe. Kafin dare alƙalai sun ƙwace nasarar sun miƙa wa abokin aikinsa Lewis Hamilton, domin da aka ɗora motar a sikeli sai aka tarar ta gaza kilo 798 da doka ta gindaya da kilo ɗaya da rabi. Motocin Formula 1 ba su da bamba, amma wannan hukunci ya nuna darajar kilo guda a wajen masu tsere. Shi ya sa wanda ya ɗauki motar titi zai mayar da ita ta tsere yakan fara kai hannu ga ƙarfen da ke kwance a bayan robar bamba, ya kwance shi, ya ɗaura bututu marar nauyi a madadinsa. Matakin yana da hujja mai ƙarfi, amma hujjar tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce shingen filin tsere.

Sai an san aikin da aka ƙera wannan ƙarfe dominsa kafin a yanke masa hukunci. A Amurka, tun daga motocin shekarar 1973, doka ta tilasta wa kamfanoni yin bambar gaba da za ta jure karo a gudun mil 5 a awa, wato kimanin kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba. A 1982 aka sassauta ma'aunin zuwa rabin haka. Ke nan an yi shi ne saboda gogayyar cunkoso da ta wurin ajiye motoci. Ƙarfin karo kuwa ninkin-ba-ninki yake hauhawa: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Motar da ke sheƙa kilomita 160 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na gudun kilomita 8 har sau 400. A irin wannan gudu, ran direba yana hannun kejin ƙarfen da aka yi wa walda a cikin bodi, da kujerar tsere, da bel mai madauri biyar ko shida, da hular kwano.

Wani zai ce ribar ba ta taka kara ta karya ba. Idan an rage kilo 10 daga mota mai kilo 1,200, ai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba a kai ba. Lissafin daidai ne, sai dai ya manta da wurin da nauyin yake zaune. A dubi mai ruwa da ya saɓa sanda a kafaɗa, garwa a gaba garwa a baya. In zai juya a lungu sai ya dakata ya yi yunƙuri, in kuma ya fara juyawar sai ya yi da gaske kafin garwunan su tsaya. Da zai rungume su a ƙirji, da juyin ya zo masa da sauƙi, alhali ruwan bai ragu da ɗigo ba. Haka mota take a kan kwana. Kilo 10 da ke nesa da tsakiyarta da mita biyu yana yi wa juyi turjiya sau huɗu fiye da wanda ke nesa da mita ɗaya, bamba kuwa ita ce a can ƙarshen sanda, gaba ma da tayoyi. Rage ta yana sa hancin mota ya amsa sitiyari da wuri, ya kuma sauƙaƙa wa tayoyin gaba da birki. Wannan ce hikimar da Colin Chapman ya gina kamfanin Lotus a kanta tun 1952: ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya yake amfani, rashin nauyi kuwa ko'ina. Masu tseren mita 402 a Amurka sukan ƙiyasta cewa rage kilo 45 yana sayo kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Wani kuma zai ce, tunda galibin gasanni sun ƙayyade mafi ƙarancin nauyi, abin da aka cire sai an mayar. Gaskiya ne, amma makaniki ne yanzu yake zaɓar inda zai mayar da shi. Sai ya ɗaure dalma a ƙasan mota, kusa da tsakiya, inda za ta ƙara mata zama daram a kan kwalta. Sikeli zai nuna adadi ɗaya, motar kuwa ta zama wata.

Saura abin da ake ƙera sabuwar bambar da shi. Nauyin alminiyam kusan sulusin na ƙarfe ne, gram 2.7 a inda ƙarfe ke da 7.85, amma tsaurinsa ma kusan sulusi ne, don haka dole a ƙara masa kauri, ribar ta ragu. Ƙarfen kuromoli mai lamba 4130 nauyinsa ɗaya da ƙarfen gama-gari, amma ya fi shi ƙarfi, shi ya sa ake iya yin bututunsa da siririn bango. A wasan zamiya da mota, inda gogar bango ta zama ruwan dare, da gangan ake ƙera bututun ya lanƙwashe ya kare lagireto, a kwance noti huɗu ko shida a sauya shi kafin zagaye na gaba. A nan ne araha ba ta ado. Bututun da ya yi tsauri fiye da kima zai tura bugun cikin shasi ya murɗe shi, wanda waldarsa ba ta kama ba zai ɓalle ya zama mashi, wanda kuma ba zai ɗauki ƙugiyar ja ba zai bar mota a tsakiyar hanya lokacin da ake gaggawar janye ta.

Babbar barazanar ita ce fitowar wannan kaya zuwa titi. A motocin zamani ƙarfen bamba yana raba bugu tsakanin ƙafafun shasi biyu, a bayansa akwai gwangwanayen da aka tsara su murƙushe su shanye ƙarfin karo, a gabansa akwai soso saboda ƙafar mai tafiya a ƙasa, na'urar jakar iska kuma an daidaita ta ne da yadda duk waɗannan za su lotsa. Wanda ya cire shi alhali ba shi da keji ba shi da hular kwano ya rushe katanga bai gina wata ba, kuma ba shi kaɗai zai biya ba, har da yaron da ke tsallaka titi. A filin tsere an riga an miƙa aikin bamba ga wasu kayan, kowa ya shigo da saninsa, motar asibiti tana tsaye a gefe. Kafin a ɗora sifana a kan notin farko, tambayar da ta wajaba ita ce: wa zai karɓi aikin da wannan ƙarfe yake yi? In akwai amsa, a cire. In babu, kilo goman nan ba su kai ran mutum ba.