Makiyayin Tsauni, hattara da "sha ka fashe"

Ɗan'uwa mai turka rago, idan Babbar Salla ta gabato za ka ji masu tallar magani suna cewa ƙwayar dexamethasone tana sa dabba ƙiba da wuri. Tsaya ka ji yadda abin yake.

A bisa kowace ƙoda, ta mutum ko ta dabba, akwai wata ƴar tsoka. Ita ke yin wani sinadari mai suna kortizol, wanda ke taimakon jiki lokacin yunwa, ciwo ko firgita. In ya gama aikinsa hanta ta narka shi, ya fita cikin fitsari. Daga wannan tsoka ta shanun mahauta masu bincike suka tace irinsa, har uku daga cikinsu, Kendall da Hench da Reichstein, suka samu kyautar Nobel a 1950.

Dexamethasone kwaikwayonsa ce, amma ta fi shi ƙarfi kamar sau 25. Rago zai yi ta ci da shan ruwa, alhali ƙarfinsa na kare kai daga cuta yana raguwa. Tunkiya ko saniya mai tsohon ciki tana iya ɓari.

Mutum ma bai tsira ba: kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari kwatsam, don tsokar nan ta rage aiki. Ya fara ganin likita.

Ƙibar gaskiya tana cikin harawa, dusa da kanwa. Maganar allura kuwa, tuntuɓi ma'aikacin kiwo a Matamaye.